Ba sai ƙasa mai 'yancin kai ce ke zuwa Olamfik ba

Gardama ta kaure kwanan baya a wani gidan kallon ƙwallo a Tudun Wadan Gombe. Wani dattijo ya dage cewa yankin da bai samu 'yancin kai ba bai isa ya ɗaga tuta a gasar Olamfik ba. Mutane sun daɗe da wannan fahimta, amma kuskure ce.

Ga Bamuda, 'yan tsibirai a tekun Atlantika, har yau ƙarƙashin Birtaniya, mutanenta ba su kai 70,000 ba. Tun 1936 ta fara zuwa Olamfik. A 1976 ɗan dambenta Clarence Hill ya samo tagulla, a 2021 kuma Flora Duffy ta ɗauko zinare a Tokiyo, a gasar da ke haɗa iyo, tseren keke da gudu. Wallahi wannan nasara ta burge ni ƙwarai.

Baba dai yana da 'yar gaskiya. A 1996 kwamitin Olamfik ya tsaurara doka, sabon shiga sai ƙasa mai cikakken 'yanci. Waɗanda aka riga aka karɓa, irin su Bamuda, an bar su suna fafatawa.