Cunkoson Baƙi a Gandun Banff Lokacin Dogon Hutu

Banff shi ne gandun daji na ƙasa mafi daɗewa a Kanada. Yana cikin tsaunukan Roki a lardin Albata. An kafa shi a 1885, shekara biyu bayan da wasu ma'aikatan layin dogo suka ci karo da maɓuɓɓugar ruwan zafi a wurin. Faɗinsa murabba'in kilomita 6,641 ne, kuma sama da mutum miliyan 4 ke ziyartarsa a shekara.

Cunkoso ya fi tsanani idan hutun gwamnati ya haɗu da ƙarshen mako, kamar Ranar Biktoriya a watan Mayu, da Ranar Ma'aikata, wato Litinin ta farko a Satumba, sai Ranar Kanada ta 1 ga Yuli idan ta faɗo kusa da Asabar ko Lahadi. Kusancin birnin Kalgari ne babban dalili. Mazaunansa sun haura miliyan ɗaya, tafiyar kuma kusan awa ɗaya da rabi ce a mota kan babbar hanyar da ta ratsa gandun.

Ba ƙarancin fili ke kawo matsalar ba, domin akasarin gandun shiru yake ko a ranar hutu. Jama'a ne ke tururuwa zuwa wurare ƙalilan: garin Banff kansa, da Tafkin Louise, da Tafkin Moraine, waɗanda shuɗin ruwansu ya sa hotunansu suka karaɗe duniya. Launin nan daga garin dutse yake, wanda ƙanƙarar tsauni ke niƙawa, ruwa ya kwaso shi zuwa tafki. A Moraine, a da wurin ajiye motoci kan cika tun kafin fitowar rana, a yi ta mayar da masu zuwa. Shi ya sa hukumar kula da gandayen Kanada ta hana motocin gida bin hanyar tun daga 2023. Yanzu sai dai a shiga motar bas ta hukuma ko ta kamfani, ko a hau keke. Kujerar bas ta hukuma ta intanet ake kama ta tun da wuri, kuma ta kwanakin hutu ba ta daɗewa take ƙarewa. Matakin ya takura wa wasu, musamman masu hawan dutse da ke son fita da asuba, amma ya dace, don hanyar tsauni ba ta ɗaukar mota dubu.

Namun daji ma suna ji a jikinsu. Da an hango beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai gashi, a bakin hanya sai motoci su tsaya, layi ya taru, wasu har su sauko ɗaukar hoto. Beyar da ta saba da abincin mutane kuwa sau da yawa kashe ta ake yi. Doka ta haramta ciyar da dabbobin gandun, tarar kuma tana iya kaiwa dalar Kanada 25,000. An kuma killace babbar hanyar da waya, aka gina wa dabbobi gadoji da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa domin su tsallaka.