Gasar Super Formula ta Japan

Super Formula ita ce gasa mafi girma ta tseren motoci masu kujera ɗaya a ƙasar Japan, wato motocin nan da tayoyinsu ke a fili, direba kuma shi kaɗai ne a ciki. Kamfanin Japan Race Promotion ne ke shirya ta, a ƙarƙashin hukumar motoci ta ƙasar, JAF. An soma ta a 1973 da sunan Formula 2000, ta koma Formula 2 a 1978, Formula 3000 a 1987, Formula Nippon a 1996, sannan ta ɗauki sunanta na yanzu a 2013.

Abin da ya bambanta ta da Formula 1 shi ne ƙungiyoyi ba sa ƙera motocinsu. Kowa daga wurin kamfanin Dallara na Italiya yake sayen gangar mota, kuma tun 2023 samfurin SF23 ake amfani da shi. Tayoyi duka na Yokohama ne tun 2016. Zaɓi ɗaya ya rage wa ƙungiya, shi ne inji: ko na Honda, kamar yadda ƙungiyoyin Mugen da Dandelion suka zaɓa, ko na Toyota, kamar ƙungiyar TOM'S. Dukansu lita 2 ne, silinda 4, masu turbo, da ƙarfin doki kusan 550. Tunda kayan kowa kusan iri ɗaya ne, nasara tana hannun direba da injiniyoyin da ke saita masa mota, kuma a nan daɗin gasar yake.

Kafin tsere ana gwajin gudu don a san inda kowa zai tsaya a layin tashi. Ana raba direbobi rukuni biyu, shida mafi sauri daga kowane rukuni su wuce zagaye na biyu. Na ɗaya yana samun maki 3, na biyu 2, na uku 1. A tseren kansa mutum goma ne ke samun maki, daga 20 na wanda ya ci, sai 15, sai 11, har zuwa maki 1.

Ba a shan mai a tsakiyar tsere, amma ana tsayawa canjin taya, kuma lokacin da ƙungiya ta kira direbanta ya shigo kan iya ɗaga shi ko ya kā da shi. Akwai kuma maɓalli a sitiyari da ake kira OTS, wanda ke ƙara yawan man da ke shiga inji, mota ta ƙara ƙarfi. Daƙiƙa 200 kacal aka ba kowane direba a tsere guda, kuma in ya saki maɓallin sai ya jira wani lokaci kafin ya sake dannawa. Wanda ya ƙarar da nasa da wuri wajen kare matsayinsa, zai ji jiki a zagayen ƙarshe, lokacin da na bayansa ke da sauran nasu.

Filayen da aka saba zuwa su ne Suzuka, Fuji, Motegi, Sugo da Autopolis, kuma a Suzuka aka fi rufe kakar wasa.

Ralf Schumacher ya ci gasar a 1996, ya wuce Formula 1 a shekarar da ta biyo. Pierre Gasly kuwa rabin maki ya raba shi da kambin 2017, wanda Hiroaki Ishiura ya ɗauka, bayan mahaukaciyar guguwa ta sa an soke tsere biyu na ƙarshe a Suzuka. Cikin 'yan gida, Tomoki Nojiri ya ci sau biyu a jere, 2021 da 2022.