Ɗan ƙasa ko ɗan asali: abin da doka ta ce game da takardar indijin

Tun bayan da Majalisar Wakilai ta yi wa wani ƙudirin gyaran tsarin mulki kan zama ɗan asali karatu na biyu a watan Maris na 2025, wata magana take yawo a WhatsApp da majalisun hira cewa an riga an yi doka, wai duk wanda ya shekara goma a gari ya zama ɗan asalin garin, har yana iya neman sarauta. A ɗaya ɓangaren kuma ana tsoratar da Hausawa mazauna Kudu cewa wanda ba shi da takardar indijin ta jihar da yake zaune ana iya korarsa ko a ƙwace masa gida. Babu ɗaya daga cikinsu da yake gaskiya. Ƙudirin, wanda Mataimakin Kakakin Majalisar, Benjamin Kalu, ya gabatar, an janye shi a watan Yulin shekarar, kuma ko da ba a janye shi ba, gyaran tsarin mulki ba ya tabbata sai da amincewar kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya biyu, da majalisun jihohi 24 daga cikin 36.

Wani sashe na ruɗanin daga harshe ya samo asali. Turancin da ake yi a ofisoshinmu yana da kalmomi biyu, sitizin da indijin, amma Bahaushe yakan haɗa su ya kira su ɗan ƙasa, ko yana nufin ɗan Nijeriya ko yana nufin wanda kakanninsa suka sari dajin wurin. Saboda haka idan aka ce wa mutum shi ba ɗan ƙasa ba ne a Filato, sai ya ji kamar an cire shi daga Nijeriya gaba ɗaya, alhali doka ba ta faɗi haka ba.

Zama ɗan Nijeriya abu ne guda ɗaya tak, kuma babi na uku na tsarin mulkin 1999 ne ya tsara shi: ta haihuwa a sashe na 25, ta rajista a sashe na 26 kamar baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya, da kuma ta neman zama ɗan ƙasa bayan zaman shekara 15 a sashe na 27. Babu wata jiha da take da 'yan ƙasarta na daban. Sashe na 41 ya bai wa kowa 'yancin zama a duk inda ya ga dama, sashe na 43 ya ba shi damar mallakar fili ko gida ko'ina a ƙasar, sashe na 42 kuma ya haramta nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko wurin asalinsa ko addininsa. Hatta takarar gwamna, sashe na 177 bai sanya asali a cikin sharuɗɗanta ba. Sabo Bakin Zuwo, wanda asalinsa Banufe ne, ya mulki Kano a 1983, kamar yadda Malam Umaru Altine, Bafulatani, ya zama magajin garin Enugu tun a shekarun 1950.

To daga ina indijin ya shigo? Sashe na 147(3) ne ya wajabta wa shugaban ƙasa ya naɗa aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha, ya kuma ce dole ministan ya kasance ɗan asalin jihar. Abin mamaki shi ne tsarin mulkin ya yi amfani da kalmar amma bai fassara ta ba. Abin da ya fi kusa da fassara yana sashe na 318, inda aka ce mutum na jiha ne idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ya fito daga al'ummar da take 'yar asalin jihar. Wato an fassara asali da asali, ba a faɗi shekarar da za a fara ƙirge ba, ko 1960 ce, ko zuwan Turawa, ko kafin jihadin Shehu. Ƙa'idojin Hukumar Daidaita Rabon Muƙamai, wadda aka kafa da dokar soja ta 1996, sun ƙara da cewa ɗan asali shi ne wanda iyayensa ko kakanninsa 'yan asalin ƙaramar hukumar ne, ko wanda ƙaramar hukumar ta karɓa a matsayin nata. Wannan jimlar ta ƙarshe ce ta miƙa wuƙa da nama ga shugaban ƙaramar hukuma.

Na taɓa raka ɗan maƙwabcina neman takardar indijin a ƙaramar hukuma domin shiga aikin ɗan sanda. Ya zo da wasiƙar mai unguwa da hotuna biyu, an haife shi a garin, a nan aka binne kakansa, amma da ma'aikacin ya tambaye shi sunan ƙauyensu ya ambaci unguwar da ya tashi, sai ya tura masa takardun ya ce ya koma garinsu. Garin da ake nufi bai taɓa taka shi ba, kuma can ɗin ma dagaci ya ce bai san mahaifinsa ba. Yaron cikakken ɗan Nijeriya ne a idon doka, amma babu ƙaramar hukuma ɗaya cikin 774 da za ta sa masa hannu, kuma da wannan sa hannun ake neman aikin gwamnati, da tallafin karatu, da rangwamen kuɗin makaranta a jami'ar jiha. Ina ganin da wuya a daidaita wannan da sashe na 42. Sashe na 15(3) ma ya ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar da cikakken 'yancin zama ga kowa, sai dai yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6(6)(c) ya hana kotu tilasta aiki da shi.

Mata sun fi kowa shiga tsaka mai wuya, domin ƙa'idar Hukumar Daidaita Rabon Muƙamai ta ce matar aure tana nan a kan jiharta ta asali. A 2012 an jinkirta rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara saboda 'yar Anambra ce aka gabatar a gurbin Abiya, jihar mijinta. Rikicin Jos na Afrilun 1994 kuwa ya tashi ne kan naɗa Alhaji Aminu Mato shugaban riƙo na ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, domin wasu sun ce shi ba ɗan asali ba ne.

Saura batun hukunci, wanda shi ma ake ta zuzutawa. Rashin mallakar takardar indijin ba laifi ba ne, kuma babu jami'in da doka ta ba ikon kama mutum ko tashinsa daga gidansa a kan haka. Laifin yana ga wanda ya je shagon kwamfuta aka buga masa ta jabu da hatimin bogi, domin sashe na 364 na tsohon kundin hukunta laifuka na Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14, ko tara, ko duka biyun, kuma wanda ya gabatar da takardar yana sane da cewa ta jabu ce hukuncinsa ɗaya da wanda ya buga ta. Ƙa'idojin hukumar sun kuma hana mutum ikirarin ƙananan hukumomi biyu, don haka wanda ya ajiye ɗaya ta garin uwa da ɗaya ta garin uba yana iya rasa aikin ranar da aka zo tantance takardu.