Ruwan da ya wuce Wudil ba asara ba ne

A majalisun cikin birnin Kano an daɗe ana cewa duk ruwan da ya kuɓuce wa madatsun Tiga da Challawa ya tafi a banza, wai fadama ce kawai ke shanye shi. Wannan magana tana damuna. Ruwan nan shi ke gangarawa Kogin Haɗeja ya cika dausayin Haɗeja da Nguru, har tafkin Nguru, inda masunci ke tura kwalekwalensa da gora cikin kachalla, manomi ya shuka shinkafa, makiyayi ya samu ɗanyar ciyawa da rani. Wanda ƙasa ta tsotse kuma yana komawa rijiyoyi. Tun da aka kammala Tiga a 1974 ambaliyar da ke ciyar da dausayin ta ragu, tsuntsayen da ke zuwa daga Turai ma wurin saukarsu ya ƙuntata.