Gajiyar Mai Jinya Ba Rashin Haƙuri Ba Ce

A gidajenmu, in uwa mai kula da ɗanta da ke fama da taɓin hankali ta ce ta gaji, sai a ce mata, "Yi haƙuri, lada kike samu." Ladan yana nan, amma jiki ba ƙarfe ba ne. Wadda ta shafe watanni tana kwana da ido ɗaya, tana gadin ƙofa, tana lissafin kuɗin magani, ita ma damuwa na iya kayar da ita.

Kuma gajiyar nan kan marar lafiyan take komawa. Tun shekarun 1960 masu bincike a Ingila suka gano cewa ciwon ya fi saurin dawowa a gidan da faɗa, gori da sa ido suka yi yawa. To, wadda ba ta runtsa ba, ta ina za ta tausasa harshe?

Shi ya sa karɓa-karɓa ta fi. Yaya ya kai shi asibitin masu taɓin hankali na Dawanau a Kano ko na Kware a Sakkwato ranar ganin likita, ƙanwa ta ɗauki kwana biyu, Inna ta je biki ta sha iska. In barci ya ƙaurace mata makonni, ita ma ta gaya wa likitan.