Ɗauraye bututun kashe gobara a gidajen zama na Saudiyya

Ɗauraye bututun kashe gobara shi ne tura ruwa mai yawa da ƙarfi ta cikin bututu domin a fitar da yashi, tsakuwa, tsatsa da guntayen kayan gini, kafin a haɗa shi da kawunan feshin da ke jikin silin, waɗanda ke watsa ruwa idan wuta ta kama. Ramin kan feshi na gama-gari bai wuce rabin inci ba, saboda haka tsakuwa ɗaya ta isa ta toshe shi, kuma sau da yawa ba a gane hakan sai ranar da wuta ta kama.

A Saudiyya dokar kariya daga gobara ita ce SBC 801, wadda ke cikin kundin dokokin gini na ƙasar, hukumar Difa'ul Madani, mai kula da kashe gobara, kuma ita ke sa ido a kan bin ta. A wajen bayanin aiki dalla-dalla ana komawa ga ƙa'idojin NFPA, ƙungiyar kariya daga gobara ta Amurka da aka kafa a 1896. NFPA 13 ta shafi gine-gine gaba ɗaya, NFPA 13R ta shafi gidajen zama da ba su wuce hawa huɗu ba, NFPA 13D kuwa ta gidan iyali ɗaya ko biyu ce. Doguwar imara, wato bene mai hawa da yawa, irin waɗanda ake saukar da alhazai a Makka tana ƙarƙashin ta farko.

Inda ƙa'idar ta fi matsawa shi ne bututun ƙarƙashin ƙasa da wanda ya shigo da ruwa cikin gini, domin su ne suke kwance a rami, bakinsu a buɗe, iska na zuba musu rairayi har a gama aiki. Wajibi ne a ɗauraye su kafin a haɗa su da bututun cikin gini, in ba haka ba dattin zai haura sama ya rarrabu cikin ƙananan rassa, inda fitar da shi ke da wuya. Ma'aunin da aka fi bi shi ne ruwan ya yi gudun kusan mita 3 a daƙiƙa. Ga bututu mai faɗin inci 4 wannan na nufin kimanin lita 1,476 a minti, ga mai inci 6 kuma lita 3,331. Ana barin ruwan ya yi ta zuba har ya fito garau, a ɗaura buhun algarara a bakin mafitar don a ga abin da ya fito. Masu aikin famfo sun san cewa ruwa mai tafiya a hankali kan fito tas alhali tsakuwa na nan kwance, don haka tsabtar ruwa kaɗai ba shaida ba ce. Tun da yawancin gine-ginen ƙasar daga tanki suke samun ruwa, sai an tanadi isasshe da injin tura shi, an kuma shirya inda zai malala.

Bayan haka ake gwajin matsi, wanda a tsarin NFPA 13 ake riƙe ruwan a matsin 13.8 a ma'aunin bar na tsawon awa biyu, kuma yoyo yake nema, ba toshewa ba.

Ginin da ake zaune a ciki hukuncinsa daban ne. NFPA 25, ƙa'idar dubawa da kula da tsarin bayan an girka shi, ta ce a duba cikin bututu duk bayan shekara biyar, a ɗauraye shi idan an tarar da abin da zai toshe shi. Yawan zubar da ruwan da sake cikawa ba gaira ba dalili yana shigo da sabuwar iska cikin bututun ƙarfe, abin da ke gaggauta tsatsa.