Mutum na numfashi, jikinsa kuma na neman iska: tambayoyi kan ƙarancin oksijin

Yaya jiki zai rasa oksijin alhali mutum yana numfashi?

Kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa oksijin ce, amma shaƙa somin tafiya ne. Sai ta ratsa huhu ta shiga jini, ta maƙale a jikin himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini, zuciya ta tura ta lungu-lungu, sannan ƙwayar halitta ta karɓa ta ƙona sukari da ita. Duk inda tafiyar ta yanke, naman jiki ya shiga abin da likitoci ke kira haifoksiya.

A ina take yankewa?

Wani lokaci tun daga huhu, kamar mai limoniya, ko asma, ko wanda ya hau dutse mai tsananin tsawo. Wani lokaci huhun lafiya lau, jinin ne ya yi kaɗan, kamar yaron da zazzaɓin cizon sauro ya farfasa wa jajayen ƙwayoyi. Ko kuwa hanyar ta toshe. Haka ake gani a ciwon sikila: da oksijin ta ragu, ƙwayoyin sai su lanƙwashe kamar lauje su cushe ƙananan jijiyoyi, cushewar ta ƙara rage oksijin, azaba ta tashi a ƙashi. Akwai kuma inda oksijin ke isowa amma ƙwayar halitta ta kasa amfani da ita, aikin gubar sayanayid ke nan, wadda ake samu a rogo mai ɗaci da ba a jiƙa shi sosai ba.

Me ke faruwa a cikin ƙwayar halitta?

Da oksijin, ƙwayar sukari ɗaya na ba da kimanin ATP 30, wato sinadarin ƙarfin da jiki ke aiki da shi. Ba tare da ita ba, 2 kacal ake samu, sinadarin laktik kuma ya taru jini ya yi tsami. Tsoka tana jurewa na ɗan lokaci. Ƙwaƙwalwa ba ta da wannan haƙuri: nauyinta kusan kashi 2 ne na jiki, amma tana cin kusan kashi 20 na oksijin. Idan ta yanke mata gaba ɗaya, cikin minti 4 zuwa 6 ƙwayoyinta sun fara mutuwa.

Jiki ba ya kare kansa?

Yana yi. Wasu ƙananan gaɓoɓi a jijiyoyin wuya ne ke fara jin raguwar, sai numfashi da bugun zuciya su ƙaru, a karkatar da jini zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya. In abin ya daɗe, ƙoda ta saki sinadarin da ke sa ɓargo ƙera ƙarin jajayen ƙwayoyi. Gano yadda ƙwayar halitta ke gane ƙarancin oksijin ne ya ba William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza kyautar Nobel a 2019.

Me ya sa hayaƙin janareta ke kashe iyali cikin barci?

Wannan ne ya fi tayar mini da hankali, domin ana iya kauce masa. Janareta da garwashin gawayi suna fitar da kabon monoksayid, iskar da ba ta da launi ko wari. Tana kama himogulobin da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, ta hana ta wuri. Ciwon kai da jiri da kasala ne farkonta, mai barci kuwa ba ya jin su. Kada a kunna janareta a ɗaki ko a soro a rufe, kada kuma a kwana da kaskon wuta lokacin hunturu.

Ta yaya za a gane?

Saurin numfashi, faɗawar ƙasan ƙirjin yaro idan ya ja iska, ruɗewa, barci marar dalili. Ƙarancin oksijin na sa fata ta yi shuɗi, amma a baƙar fata ba a cika ganin shuɗin ba, sai a duba harshe da dasashi. Na'urar auna oksijin na jini da ake maƙalawa a yatsa tana nuna 95 zuwa 100 ga mai lafiya, ƙasa da 90 kuwa sai asibiti nan take. Amma takan ɗan ƙara lamba a baƙar fata, kuma kabon monoksayid na yaudararta gaba ɗaya. Wanda ya shaƙi hayaƙi a fitar da shi sarari, a garzaya da shi asibiti ko da na'urar ta nuna 98.